Zuwa Legas Karon Farko: Jagorar Yawo, Ci Da Sayayya

Mai zuwa Legas karon farko yakan buɗe taswira a waya, ya ga tsakanin Ikeja da Lekki bai kai tafiyar Kano zuwa Wudil ba, sai ya jera wa kansa wurare biyar da zai leƙa a wuni guda. In ya yi sa'a zai ga biyu. Sauran wunin a kujerar mota zai ƙare, yana karanta rubutun da ke bayan wata danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya. Ruwa ne ya jawo haka, domin shi ya tsaga garin gida biyu. Ga babban yanki da suke kira Mainland, inda Ikeja da Agege da Oshodi da Yaba da Surulere suke. Ga kuma ɓangaren tsibiri, wato tsohon garin Ikko da Ikoyi da Victoria Island, har a miƙe zuwa Lekki. Gadoji uku ne suka haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Da sassafe jama'a na kwarara zuwa tsibiri wurin aiki, da la'asar su juyo gida, duk ta kan waɗannan ukun. Don haka ka riƙe wannan tun yanzu: kowace rana ɓangare ɗaya na gari za ka ba ta, ka tsallaka ruwa sau ɗaya in ya zama dole, kuma ba a lokacin da kowa ke tsallakawa ba.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

In sayayya ce ta kai ka, kar ka sa Lahadi a lissafi, domin manyan kasuwanni a rufe suke. Ranar Alhamis kuma 'yan kasuwa na sharar mako, ba a buɗe shaguna sai wajen ƙarfe goma na safe. Amma safiyar Lahadi ita ce lokacin da tituna ke numfasawa, ita ta dace da zaga gari a mota.

Damina a can doguwa ce. Ruwa na ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya fi tsanani a Yuni, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan awa biyu ya isa ya cika wasu titunan Lekki da Victoria Island har gwiwa. Disamba ba ruwa, amma watan ne mazauna ƙasashen waje ke dawowa hutu, kuɗin jirgi da na otal su haura sama. Ni a ganina Nuwamba ko ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu sun fi. A Nuwamba ne ma ake bikin baje kolin ƙasa da ƙasa na Legas a Dandalin Tafawa Ɓalewa. Zafin garin ba mai ƙuna ba ne irin namu, gumi ne da ba ya bushewa, saboda haka ka ɗebi kaya marasa nauyi, ka bar shadda mai sitaci sai ranar Juma'a.

Mataki na biyu: hanya da sauka

Jirgin sama daga Kano kamar awa ɗaya da rabi ne. Filin jirgin Murtala Muhammed yana Ikeja, kuma tashar jiragen cikin gida biyu ce, akwai MMA2 akwai tsohuwar da ake kira GAT. Duba tikitinka ka san wadda za ka sauka da wadda za ka tashi, kar ka gane kuskure saura minti ashirin.

A mota kuwa tafiyar ta haura kilomita dubu, wuni ne da kwana. Ka shiga a tasha, ka rubuta sunanka da lambar ɗan'uwanka a takardar fasinja. Ka tambayi direba tun daga gida inda zai sauke ku, Agege ne ko Mile 12 ko Jibowu ko Iddo, saboda tsakanin waɗannan akwai tafiya. In motarku ta iso cikin dare, zauna a tasha har gari ya waye. Ka kuma guji shiga gari da yammacin Juma'ar farkon wata, lokacin da manyan majami'un da ke bakin titin Ibadan zuwa Legas ke taronsu, hanyar takan cushe.

Motarka ta gida fa? Bar ta. Baƙon direba ba ya sanin titin da aka hana bi ta wani ɓangare, ko layin da aka ware wa manyan bas na BRT, sai ya ga jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, sun tsaya a gabansa. Hukuncin bin hannun da ba naka ba a Legas yana iya kaiwa ga ƙwace mota.

Mataki na uku: masauki

Sauka kusa da abin da ya kawo ka. Mai neman waya da kwamfuta, Ikeja. Mai zuwa kasuwannin Balogun da Idumota da ke tsibiri, Yaba ko Surulere ko Ebute Metta, inda gada take kusa kuma ɗaki bai kai tsadar tsibiri ba. Mai yawon teku da iyali, Lekki ko Victoria Island, in aljihu zai ɗauka. Wanda ke da dangi a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya huta da kuɗin ɗaki, ga masallaci ga tuwo, sai dai ya sani daga Agege zuwa tsibiri sammako ake yi na gaske.

Kafin ka biya ka tambaya: awa nawa ake kunna janareto, akwai ruwa a famfo, layin yana cika in an yi ruwa, akwai gidan rawa ko wurin ibadar dare a maƙwabta? Gidajen haya na 'yan kwanaki da ake tallatawa a Instagram kuma, kar ka tura ko sisi sai ka tsaya a cikin ɗakin da ƙafarka.

Mataki na huɗu: koyon zirga-zirga

Ranar farko ka nemi katin Cowry a tashar BRT ka sa masa kuɗi. Da shi ake shiga manyan bas na gwamnati, da jirgin ƙasa, da jirgin ruwan jiha. BRT na da layinta ita kaɗai a hanyar Ikorodu, mai bi ta Mile 12 da Ojota zuwa tsibiri, za ka riƙa wuce masu manyan motoci suna tsaye a gosulo. Jirgin ƙasa mai shuɗin layi ya fara aiki a 2023, daga Marina zuwa Mile 2. Mai jan layi ya biyo baya a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Wannan ɗin ka tambayi jadawalinsa tukuna, ba kowane lokaci yake tashi ba.

Danfo, wato ƙananan bas masu ruwan ɗorawa, su ne jinin garin. Kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwa da sauri har ba ka gane me ya ce ba, don haka ka tambayi fasinjan da ke ciki kafin ka sa ƙafa. Shiga da canjinka, in ba haka ba zai haɗa ka da wani baƙo a takardar kuɗi ɗaya ya ce ku je ku raba. Idan ka zo wurin sauka ka ɗaga murya ka ce "O wa!", in ka yi shiru za a wuce da kai. Ka hau a tasha kawai. Motar da ta tsaya maka a gefen titi da asuba ko da dare, da mutum uku ko huɗu a ciki suna ta yi maka fara'a, ƙyale ta. Irin su ake kira "one chance", ɓarayi ne da ke shigar fasinja. Acaɓa an hana shi a ƙananan hukumomi da dama tun 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da tsibiri, kuma mai hawa ma ana kama shi. Da dare ko da iyali, kira mota ta manhajar Bolt ko Uber, ka duba lambar motar ta yi daidai da ta wayarka.

Ƙananan abubuwa biyu da ke jefa baƙo a wahala: riƙe waya kusa da tagar mota a cikin gosulo, da tsallaka babban titi a ƙasa alhali ga gadar masu ƙafa. Na farkon a fizge, na biyun a kama ka. Ka kuma riƙa yawo da katin shaidarka.

Mataki na biyar: ranar kasuwa

Balogun ba gini ɗaya ba ce, unguwa ce sukutum da tituna suka zama kasuwa, ta haɗe da Idumota. Ka isa wajen ƙarfe tara, ka yi niyyar fita kafin uku da rabi. Sa takalmin da ba zai cire ba in an taka shi, jaka a gaba, kuɗi a rarrabe cikin aljihu biyu ko uku.

Tun daga bakin titi samari za su tare ka, wani ya kama hannunka yana "Alhaji, customer, me kake nema?" Yawancinsu ba su da shago, 'yan kamasho ne, kuma ladansu a kan kuɗinka za a ɗora. Ka yi murmushi ka zare hannunka ka wuce. Za a kira ka "aboki" ko "malam" sau ba adadi, kar ka tsaya tantance mai raha da mai raini, ba shi ya kawo ka ba. Zagayen farko na tambaya ne kawai: shago uku ko huɗu, kaya iri ɗaya, ka ji bakin kowa. A zagaye na biyu ake ciniki. Idan an faɗi kuɗi ka taya ƙasa sosai ba tare da jin kunya ba, ka hau a hankali, in bai sallama ba ka juya. In akwai riba a tayinka za a kira ka kafin ka yi taku biyar.

Gaskiyar magana, wanda ya fito daga garin da ke da Kantin Kwari bai kamata ya cika jaka da atamfa da shadda a Balogun ba, sau da yawa bambancin bai kai kuɗin dako ba. Abin da ya cancanci wahalar shi ne leshi, ashoke da ɗankwalin biki, adire na rinin Yarabawa, takalma da jakunkunan mata, da kayan yara. Leshi yadi biyar ake yanka shi. Ka sa a warware shi duka a gabanka, ka ɗaga shi ga hasken rana, domin fitilar shago na ɓoye tabo da inda zare ya tsinke, sannan ka tsaya a naɗe wanda ka duba ɗin, ba wani daga ciki ba. Azahar ta same ka a nan, Babban Masallacin Legas na kan titin Nnamdi Azikiwe a tsakiyar kasuwar, an buɗe shi a 1988. Za ka sami wurin alwala da inuwar da za ka huta.

Computer Village tana Ikeja, a titin Otigba da kewayensa. Dokarta guda ce: kar ka sayi waya a hannun mai tsaye a titi, komai arharta. Ko dai a musanya maka da kwali bayan ka gwada, ko ta sata ce a biyo sawu har gidanka. Shiga shago mai suna a rubuce. Sa layinka ka yi kira, gwada kyamara da lasifika da wurin caji. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, ka tabbatar ita ce a jikin kwali, a kuma rubuta ta a rasit. In iPhone ce ta hannu, a cire asusun tsohon mai ita a gabanka. Da ka gama gwaji, wayar ba ta sake barin hannunka, ko da an ce za a sa maka a leda.

Talabijin, firji, janareto, kayan sola da batir, wannan sai Alaba International da ke Ojo, kan hanyar Badagry. A kula, tashar jirgin ƙasa da ake kira Alaba kafin Mile 2 ta Suru-Alaba ce, ba ita ce kasuwar ba; sai ka sauka a Mile 2 ka ƙara shiga mota. A Alaba ana sayar da sabo, ana sayar da tokumbo, ana kuma sayar da tokumbon da aka yi wa sabon kwali. Komai a jona shi da wuta ka gani, a rubuta sharaɗin mayarwa a rasit. Kayan gyaran mota Ladipo, kuma kar ka je ba bakanike. Kayan kwalliya da man shafawa a sari, Trade Fair. Gwanjo, Katangowa ta Abule Egba ko Yaba. Kowace ɗaya wuni ce, ba a haɗa Alaba da Balogun rana guda.

Wajen biya, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, amma ka karanta sunan asusun da ƙarfi mai shago ya amsa nasa ne, kuma ka tsaya har ya ga shigarsu.

Mataki na shida: ranar kallo

Tsohon gari a ƙafa ake ganinsa, kuma rabin wuni ya isa. Fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957. Akwai kayan Nok da na Ife da na Benin, amma inda ɗan Arewa kan daɗe a tsaye shi ne gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ramukan harsashi na nan a jikinta. Daga nan 'yar tafiya ce zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a 1960. Gaba kaɗan a titin Broad akwai Freedom Park, kurkukun Turawan mulki da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Ka ƙarasa titin Martins ka ga Masallacin Shitta-Bey na 1894, ƙarami ne, ginin 'ya'yan bayin da suka dawo daga Brazil, fasalinsa bai yi kama da masallatan da ka saba gani ba.

Lekki rana ce daban. Je Lekki Conservation Centre da safe kafin rana ta yi zafi. Daji ne mai fadama da aka killace tun 1990, da hanyar katako a cikinsa, da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke lilo a saman bishiyoyi. Babbar riga da silifas ba su da wuri a kanta, kuma in ka fara hawa ba komawa baya, mai jin jiri ya jira a ƙasa. Birai na nan da yawa, sun kuma san ƙarar leda, duk abin ci a ɓoye shi cikin jaka. Da rana ka biya Nike Art Gallery, bene ne cike da zane da sassaƙa da adire, shiga kyauta.

Sai teku. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu ita, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Waɗanda suka rage, irin su Elegushi, ana biyan kuɗin shiga, kuma a ƙarshen mako kiɗa ne da giya har dare, don haka mai iyali ya je ranar aiki da hantsi. Ina roƙonka da babbar murya: iya iyo a dam ko kogi ba ya aiki a nan. Igiyar ruwan na janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ta ja mutum ciki. Tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, hannun yaro a cikin naka. Mai son shiga ruwa ya hau kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay, inda katangar duwatsun tashar jiragen ruwa ta rage ƙarfin igiya. Sa rigar kariya, ka kuma dawo kafin magariba. Masu doki da masu hoto a bakin ruwa, a gama ciniki kafin a hau ko a ɗauka.

In kana da rarar kwana, ba Badagry wuni guda. Akwai bene na 1845 da 'yan mishan suka gina, da ɗakunan tsare bayi na Seriki Abass, da sarƙoƙin da aka ɗaure mutane da su. Ana tsallaka ruwa zuwa Gberefu a taka hanyar da bayi suka bi zuwa bakin teku. Ka tafi da ruwan sha da hula.

Mataki na bakwai: ci

Kar ka yi tafiyar kilomita dubu ka ƙare a shinkafa da kaza na gidan abincin zamani. Shiga buka, inda tukwane ke jere kana nunawa ana zubawa, ana lissafi da yawan malmala da yankan nama. Nemi amala, tuwon garin busasshiyar doya, da ewedu da gbegiri a kwano ɗaya. Ewedu lalo ne, gbegiri miyar wake, ba baƙin abu ba ne a bakinka, jar miyar da ake kwarara a kai ce mai yaji. Da safe ka gwada ewa agoyin, wake da ya dahu ya yi luguf, da baƙin yaji soyayye a manja, a haɗa da burodin Agege mai danƙo. Shinkafar ofada ana zuba ta a ganye, tana da wani wari da sai an saba, miyarta ta koren attaruhu da daddawa ce, cike da ganda da tumbi. Ranar farko ka ce a rage miya, cikinka bai san wannan yajin ba tukuna.

Tunda bakin teku ka zo, ci kifi: gasasshen kifin teku, farfesun tarwaɗar da za ka nuna tana da rai a yanka maka, jatan lande da ƙaguwa. A gefen titi akwai gasasshiyar agada da gyaɗa. Naman shanun gari yawanci daga mayankar Oko-Oba ta Agege yake fitowa, kuma masu buka da yawa Musulmi ne, amma in ka ga naman daji ko wanda ba ka gane ba, tambaya. A gidajen abincin 'yan ƙasashen waje ka tambayi naman alade da giya a cikin girki. Ranar da kewar gida ta taso, Agege da Idi-Araba da Obalende akwai masa da tuwo da tsire. Ka kuma leƙa Mile 12 da sassafe ko don kallo, ka ga tireloli na sauke tumatir da albasa da tattasan da aka ɗoro daga Arewa, Hausa na tashi ta ko'ina.

Mataki na ƙarshe: kaya da komawa

Kaya masu nauyi kar ka kai su filin jirgi, kuɗin ƙarin kilo zai cinye ribar cinikinka. Kai su tashar motocin Arewa ko kamfanin aika kaya. A ɗaure a gabanka, a rubuta suna da lambar waya a jikin kowane ƙunshi, ka ɗauki hotonsa, ka karɓi rasit da lambar direba da ta motar. Talabijin da firji a sa su cikin kwalinsu da soso, a kuma yi maganar wanda zai biya in sun fashe tun kafin mota ta tashi. Rasit ɗin sayayya ka riƙe a jikinka, ana iya tambayarsa a shingayen hanya.

Tsarabar da ke jure tafiya ita ce adire, busasshen kifi da jatan lande, kwakwa, da manja a jarka mai murfi biyu, shi kuma a mota za a aika shi. Daren ƙarshe, in jirgin safe gare ka, ka kwana a Ikeja. In kuwa daga tsibiri za ka taso da yamma, ba hanya awa uku, ka sake duba tikiti ka ga MMA2 ne ko GAT.